Masuncin da Ya Koyi Sakin Numfashi

Akwai wani masunci a nan garinmu Taganga, sunansa Eulogio Cantillo, wanda ya shekara arba'in yana nutso da numfashi ɗaya. Zai ja iska ya nutse da mashinsa, sai ka gaji da jira kafin ya ɓullo da kifi. Ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

To, kifi ya ja baya a gaɓarmu. Sai aka buɗe aikin dasa murjani a ƙarƙashin teku, ana ɗaukar masunta, amma sai mai takardar shaidar koyon nutso da tukunyar iska. Ba takarda, ba aiki. Eulogio yana da shekara hamsin da shida, ya san irin wannan dama ba ta zuwa wa mai furfura sau biyu.

Saura mako guda a fara horo, ya shiga shiri irin nasa. Kullum da hantsi zai zauna a inuwar kwale-kwalensa, agogo a hannu, ya cika ƙirji ya riƙe.

"Minti uku da rabi," ya ce wa matarsa Nohemí yana haki.

"Sannu da aiki, maigida," ta ce tana juya agada a mai. "In ka suma, ni zan cinye kasonka."

A haka Marleny ta same shi. Ita ce malamar horon, 'yar unguwarsu ce, kuma shi ya koya mata iyo tana ƙarama.

"Kawu, me ake yi?"

"Shiri, 'yata. Tukunyar taki a cike zan maido miki da ita, ki ba wani rago."

Marleny ba ta yi dariya ba. "Dokar farko a ajina, ba a riƙe numfashi. Wanda ya riƙe, ba na sa masa hannu a takarda."

Eulogio ya yi tsaki. Amma fa mutumin nan, duk girman kansa, son sani ya fi ƙarfinsa. Ranar ko abinci bai ci da daɗi ba. Iska ai iska ce, me ya raba ta tukunya da wadda Allah ya shimfiɗa a sarari? Washegari da sassafe ga shi a ƙofar Marleny.

"Ba gardama na zo ba. Dalili nake so."

Ta ce gani ya kori ji. Suka shiga kwale-kwale. Ta goya tukunya ta sauka mita goma, shi kuma ya bi ta da numfashinsa ɗaya. A can ƙasa ta fito da balan-balan, ta hura shi da iskar tukunya, ta ƙulle bakinsa, ta sake shi.

Eulogio ya bi shi da ido suna tasowa tare. Abin ya yi ta kumbura, ya yi ta kumbura. Kafin su kai sama, ya fashe.

Da suka hau kwale-kwale ta yi masa bayani. "Iskar da kake ja a sama, ruwa ne ke matse ta in ka sauka, in ka taso ta koma yadda take. Ta tukunya kuwa a matse ka shaƙe ta. In ka rufe maƙogwaro ka taso, sai ta ninka a cikin huhunka."

Eulogio ya juyo ya dube ta.

"Marleny, babanki Anselmo, da yake nutso da tiyon injin iska... ranar da injin ya mutu, ya taso da kumfar jini a baki. Duk muka ce ciwon zuciya ne. Ni na ce masa in injin ya tsaya, ya riƙe abin da ke ƙirjinsa ya taso. Ni na ce masa."

"Na sani, Kawu," ta ce a hankali. "Ba wanda ya taɓa gaya muku. Shi ya sa na zama malama."

Ya yi kuka a gabanta, bai ɓoye ba.

Sauran kwanakin, sai ga sarkin nutso a ruwa iya ƙugu, fuska a ciki, yana fitar da kumfa kamar mai koyon iyo. Masunta suka samu abin dariya.

"Eulogio, miya kake tafasawa?"

Ya ci gaba da fitar da kumfarsa.

Ranar gwaji, dole kowa ya taso daga mita shida yana sakin iska har sama. Sabo turken wawa: yana fara tasowa, maƙogwaron shekara arba'in ya rufe kansa. Marleny ta damƙe rigarsa ta tsayar da shi cak, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Saura dama guda.

Ya koma ƙasa, ya daidaita numfashi. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya bar iskar ta tafi. Kumfa ba ta yanke ba har kansa ya fito sarari.

A bakin gaɓa Marleny ta sa hannu ta miƙa masa takarda. Ya karɓa da hannu biyu, amma bai ko karanta ba.

"'Yata, akwai mutum tara da har yanzu suke nutso da tiyo. Ranar Asabar zan tara miki su. Ba za su saurare ki ba, amma ni za su saurara."

Darasi: Gemu ba ya hana ilimi. Ƙwarewar da ta ciyar da kai jiya tana iya halaka ka gobe idan aikin ya sauya, don haka ka tambayi dalili ko da wurin wanda ka girma ne. Ku tura wannan labari ga wanda ya ce ya gama sani, wataƙila ku ceci rai.