Guryar Malam Barau

Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya ba ni wannan labari, kuma har ya rasu ba mu daidaita a kansa ba. Ku saurara ku raba mu.

Malam Barau manomin auduga ne. Ya rasu ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya uku da gonar aro, wadda in ta yi damina ɗaya ba shuka mai ita zai karɓe abinsa. Wasiyyarsa ɗaya: tulun iri, wanda ya fi kula da iri shi zai riƙe.

Babban ɗan, Jatau, ya daɗe da lura cewa wasu itatuwan audugar gurya mai taurin ɓawo suke bayarwa, 'ya'yansu ma haka. "Taurin gado ne, Inna, uwa yake bi," in ji shi. Ya riƙa ɗaura musu tsumma yana ware guryarsu, maƙwabta na kiransa mai noman tsakuwa.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, rumbu ya rushe, iri ya kwana cikin taɓo. Guryar mai laushi duk ta ruɓe. Tasalla ta kasa cin abinci. Nomau, na biyu, ya shiga ɓaraguzan da hannu, yana tona yana tsinta ɗaya-ɗaya har farcensa ya fita, ya tara ƙwarya guda ta mai taurin nan, lafiya lau.

Aka shuka rabi. Shiru. Ɓawon da ya hana ruwa ruɓar da ita, shi ya hana ta tsiro. Gonakin mutane suka yi kore, mai gona ya fara zagayowa yana gyaran murya. Kullum Tasalla na tona rami, ta tarar da gurya kwance yadda aka sa ta.

Sai auta, Delu, ta ɗora ruwa ya yi zafi, ta ɗauko ragowar.

"Ke, dafa mana za ki yi?" Tasalla ta riƙe hannunta.

"Inna, wake ma sai ya ji zafi yake sakin jiki."

Ta tsoma, ta tsame, aka shuka. Gurya ta tsiro, gona ta tsira.

Da kaka Tasalla ta zauna da tulun a gabanta, 'ya'yan uku na kallonta.

To, jama'a, wa za ta miƙa wa: wanda ya gane gadon, ko wanda ya tono shi, ko wadda ta tashe shi?