Gidan Tautau a Kan Iyaka

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu sha ta, Kaka.

Wai akwai garuruwa biyu, na Sarki Kurege a gabas, na Sarauniya Bushiya a yamma, wani busasshen kwari ne iyakarsu. Tautau, gizo mai dogayen ƙafafu, ya je tsakiyar kwarin nan ya kafa gida. Ƙofa ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ranar biki ɗan kowa ne, ranar aiki ba ɗan kowa ba.

Da damina ta matso, Kwaɗo ya bi gari-gari yana cewa bana ruwa mai yawa ne. Kurege ya kira gayyar yashe kwari. Tautau ya leƙo ya ce ai shi mutumin yamma ne. Bushiya ta kira gayyar ɗaga jingar tare ruwa, ya ce ai kakansa ɗan gabas ne. Kwaɗo da kansa ya zo ya ce masa ya tashi daga hanyar ruwa.

Tautau ya kwashe da dariya. "Malam Kwaɗo, nan iyaka ce. Ruwan ma sai ya nemi izinina kafin ya wuce."

Ruwa bai nemi izinin kowa ba. Rannan da hantsi ya taho, ya ɗauke tukunya, ya ɗauke tabarma, ya ɗauke gidan ɗungurungum. Tautau ya maƙale a kan wani kututture, ruwa yana lasar masa gwiwa.

Ya kira mutanen gabas, suka ce, "Sannu ɗan yamma." Ya kira na yamma, suka ce a gai da kakansa na gabas.

Suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan suka jefa igiya. Ta Kurege ba ta kai ba, ta Bushiya ba ta kai ba. Kwaɗo ya yi iyo ya ƙulle su wuri guda, Tautau ya tako a kai. Da ya taka tudu ya karkaɗe jiki, wai dama wanka ya shiga.

Tun daga nan garuruwan biyu suke gayya tare, Tautau ke ɗaukar kwando. Har yau kuwa in kun duba, a iyakar bango biyu yake saƙa, amma can sama.

To kun ji, ruwa bai san iyaka ba. Ku gyara masa hanya tare da maƙwabta tun bai zo ba.

Ƙungurus kan ɗan kusu, kowa ya naɗe tabarmarsa.