Aljihun Bango

Akwai wani mai zanen gine-gine da ma'aikatansa suke kira Na-sani a bayan idonsa. Dalili kuwa, duk abin da ka buɗe baki za ka faɗa masa, kafin ka kai rabi ya tare ka da "Na sani." Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba zan tauye masa ba. Amma jama'a, iya aiki daban, jin magana daban.

Wata rana aka ba shi aikin zana sabuwar ƙaramar sakandare. Masu makarantar suka ce sun gaji da tsohon yayi, yara a jere kowa na kallon ƙeyar na gabansa, malami a gaba yana ta zuba shi kaɗai. So suke yara su zauna rukuni-rukuni su yi aiki tare, aji ya faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon darasin da ake yi. Kuma wallahi buri ne mai kyau.

Na-sani ya zana ƙaton zaure guda, ajujuwa huɗu a cikinsa. Tebura masu taya, kujeru masu taya, hatta kantocin littattafai tura su ake yi. Tsakanin aji da aji ya sa bango mai tafiya, falle takwas a rataye a layin ƙarfe daga sama, kowane falle ya kai nauyin buhun siminti uku.

In aka tura bangon, fallayen sai su bi juna su shige wani siririn lungu a gefen zauren, kowane bango da nasa. Shi ne ya raɗa wa suna aljihun bango. Faɗinsa kaɗan ya ɗara kafaɗun mutum, zurfinsa taku uku. Idan duk takwas ɗin suka shiga, ko kyanwa ba za ta sami wurin tsayawa a ciki ba.

Kafin a fara gini aka tara malamai a nuna musu zanen. A cikinsu akwai wata dattijuwa, malamar lissafi, shekararta ashirin da shida tana fama da yaran wannan shekarun. Ta gyara zaman tabaranta, ta daɗe tana kallon takardar.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ga ɗakin shiru ba."

"Ɗakin me?"

"Ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofa. Aiki tare yana da kyau, amma ba kowane yaro ne yake iya yini cikin hayaniya ba. Akwai wanda sai ya..."

"Na sani, Malama. Lungu da ƙofa su ne suka raba kan yara tun farko. A ginina babu inda yaro zai ware kansa."

Ta ɗora yatsa a kan aljihun bangon. "To wannan ramin fa? A taimaka a sa masa ƙofa da makulli. Ɗan shekara goma sha biyu in ya ga rami, sai ya shiga ya ga ƙarshensa."

Na-sani ya yi 'yar dariya, ya dubi shugaban makarantar. "Ƙofa za ta ɓata fuskar bangon. Malama, ke ki riƙe lissafinki, ni in riƙe zanena."

Aka yi dariya. Ta koma ta zauna.

Gini ya tashi, kuma ya yi kyau, ba ƙarya. Don ya nuna wa duniya ya yarda da aikinsa, sai Na-sani ya ciro 'yarsa daga makarantar da take ya kawo ta nan.

Auta ake ce mata, shekararta goma sha biyu. Tun tana ƙarama zazzaɓi ya taɓa mata kunne, sai da wata 'yar na'ura da ake maƙala mata take jin magana. Ita na'urar nan ba ta da zaɓi. Yadda take ƙara muryar malama, haka take ƙara ƙarar tayar tebur, da jan kujera, da dariyar yara ɗari da sittin.

Mahaifiyarta ta ce, "Anya Baban Auta? A can ajinsu su ashirin ne, kuma a gaba ake zaunar da ita."

Ya ce, "Ni na zana makarantar, sannan 'yata tana wata? Me mutane za su ce?"

Tun makon farko Auta ta fara dawowa da ciwon kai. Yarinyar da a da sai an ce ta yi shiru a ci abinci, yanzu sai ta ajiye jaka ta kwanta ta juya fuska bango. Wata rana da yamma ta iske mahaifinta a falo yana duba hotunan makarantar a waya.

"Baba, makarantar nan akwai ƙara."

"Na sani, uwata. Wannan ƙarar ita ce karatun. Za ki saba. Zo ki ga, har daga wasu garuruwa ake kirana ana tambayar wa ya yi wannan aiki."

Ta leƙa hoton, ta ga yadda fuskar mahaifinta take sheƙi don murna. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba.

Ga yadda tsarin yini yake a makarantar. Da safe ana jawo bangon a raba ajujuwa. Bayan hutun tara, sai mai shara ya tura shi cikin aljihu, zaure ya zama guda, a shiga aikin rukuni. Ke nan duk tsawon hutu aljihun nan fanko ne.

Auta ce ta gano haka. Da an kaɗa ƙararrawar hutu, sai ta faki ido ta sulale ciki, ta je can ƙurya ta zauna a ƙasa. Ta kashe na'urar kunnenta, ta kifa kai a gwiwa, ta rufe ido. Minti ashirin ba ta jin komai a duniya. Tana da ɗan agogo a hannu, saura minti biyu a koma aji take fitowa. Babu wanda ya sani, ko ƙawa ɗaya ba ta faɗa wa ba.

Ni dai duk sanda na zo nan a labarin sai tsikar jikina ta tashi.

Wata safiya malamar lissafi ta leƙa aljihun, ta ga takardar biskit da guntun fensir a can ƙurya. Ta bi ajujuwa huɗun tana tambaya, wa ke shiga nan? Babu yaron da ya ce shi ne. Ta jawo wani dogon benci ta tare bakin lungun.

Kwana uku da yin haka Na-sani ya zo da mai ɗaukar hoto. Yana ganin bencin ya haɗe rai.

"Wa ya ajiye wannan tarkacen a nan?"

Malama ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Akwai yaron da yake shiga ciki. Ban gano ko wane ne ba, amma na ga..."

"Wannan matsalar tarbiyya ce, ba ta gini ba. Ku kula da yaranku. A ɗauke shi."

Aka ɗauke. Shugaban makarantar yana tsaye, ya sunkuyar da kai kamar ba ya wurin.

Da ta ga ba sarki sai Allah, malama ta ja mai shara gefe. Ta ce, "Don girman Allah, kada ka taɓa tura bangon nan sai ka shiga ka gani da idonka. Ko gobara ake yi, ka fara leƙawa." Mai shara mutum ne mai jin magana. Kullum sai ya leƙa, kullum kuma ba ya ganin kowa, don Auta ta riga ta fita. A haka aka ci wata biyu.

Sai ga ranar baƙi. Masu makarantu daga wurare daban-daban za su zo ganin wannan gini da ake ta labari. An shirya su iso da sassafe, amma suka makara, ba su shigo ba sai da aka fita hutu. Shugaba ya sa aka yi maza aka kira yara su dawo zaure, kowa ya nemi rukuninsa. Hayaniya ta kaure, tebura na gurnani a ƙasa, malamai na ɗaga murya.

Na-sani yana gaba, baƙi na biye da shi. Ya tsaya a jikin bangon ajin farko ya dafa shi.

"Yanzu ku ga abin da nake faɗa muku. Aji biyu za su zama ɗaya, kuma da hannu guda."

Mai shara ya matso da sauri. "Ranka ya daɗe, bari in leƙa ciki tukuna."

"Matsa can, malam. Ni na zana abin nan."

Ya tura. Falle na farko ya tafi sumul, ko ƙara babu, ya shige aljihu. Baƙi suka ce, "Kai!" Na biyu ya bi shi.

A can ɗaya ƙarshen zauren malamar lissafi tana ƙirga yaran ajinta, kamar yadda ta saba duk sanda aka tara su. Su arba'in ne a ajin. Talatin da tara. Ta sake ƙirgawa. Talatin da tara. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga wadda babu. Yarinyar da ba ta jin ƙararrawa in na'urarta a kashe take.

Ta ɗaga kai ta hango falle na uku yana shiga.

"Ku tsaya! Akwai yarinya a ciki!"

Ina! Baƙi na tafa hannu, yara sun ga manya na tafawa su ma sun kama. Zauren nan ya haɗiye muryarta kamar ba ta yi magana ba. Na-sani ya hango ta tana ɗaga hannuwa, ya ce a ransa matar nan da mitarta ta sake tasowa. Ya kawar da kai ya tura na huɗu.

Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta zubar da takardun hannunta ta sheƙa a guje. Na biyar ya shiga. Ta cafki wani tebur mai taya, ta ingiza shi da iyakar ƙarfinta, ya tafi ya gindaya a bakin aljihun. Falle na shida ya dake shi, katako ya tsage, bango ya tsaya cik.

Na-sani ya juyo a fusace zai yi magana, malama ta riga shi, tana haki.

"Auta. Auta tana ciki."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku fuskar mutumin nan ba. Shi da mai shara suka shiga jawo fallayen ɗaya bayan ɗaya. Da suka janye na ƙarshe, sai ga ta a can ƙurya a manne da bango. Ta ɗaga hannun dama ta tare, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Bakinta a buɗe, amma numfashin da za ta yi ihu da shi babu.

A asibiti likita ya ce hannun ya karye wuri biyu, haƙarƙari biyu sun tsage, yatsu uku kuma da wuya su sake lanƙwasa. Ya ce, "Ku gode wa Allah. Da ragowar sun shiga, da ba wannan maganar muke yi ba."

Da la'asar Auta ta farfaɗo. Mahaifiyarta ta maƙala mata na'urar tana share hawaye. Yarinyar ta juya ido ta ga mahaifinta a bakin gado, rigarsa ta taro duk ƙura.

"Baba, baƙin sun tafi?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka yi haƙuri, na ɓata maka taro. Can ne kawai kaina ba ya ciwo. Na so in sake faɗa maka, sai na ga kana son makarantar sosai."

Ƙaton mutum ya durƙushe a gaban gadon nan yana kuka kamar yaro, har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ja labule.

Bayan mako biyu ya je makarantar, ya sami malamar lissafi a teburinta. Ya ajiye farar takarda da fensir a gabanta, ya ce ta faɗa masa duk abin da ta gani a shekara ashirin da shida, shi zai rubuta. Ta faɗa, ya rubuta har shafi huɗu. Aka sa wa kowane aljihu ƙofa da makulli. Aka yanki gefen zauren aka yi ƙananan ɗakuna uku masu ƙofar gilashi, inda yaro zai zauna shi kaɗai malami na hango shi. Aka lulluɓe silin da abin da ke shanye ƙara. Yau yara na aiki tare a zauren nan cikin jin daɗi, wanda ya gaji kuma yana da inda zai huta.

Amma Auta ba ta ga ko ɗaya daga cikin gyaran nan ba. Da hagu ta koyi rubutu, kuma ta ce ko ƙofar makarantar ba za ta sake takawa ba. Aka mayar da ita tsohuwar makarantarta. Hanyar can kuwa ta gaban ginin ta bi, babu wata. Kullum da safe mahaifinta ne yake kai ta da kansa, kuma kullum in sun zo daidai wurin, sai ya ga ta sa hannun hagu ta kashe na'urar, ta runtse ido har su wuce.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Komai iliminka, in za ka yi wa mutane abu, zauna ka saurari waɗanda za su rayu a cikinsa, musamman mai ƙaramar murya da wanda ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru. Girman kai ba ya tsayawa a kan mai shi, sau da yawa wanda ka fi ƙauna ne yake ɗaukar raunin. Ku tura wannan ga iyaye, malamai da masu gina makarantu da kuka sani, wataƙila akwai yaron da ke jiran wani ya saurare shi.