Nomau da Ruwan da Bai San Rani Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, daga nesa ta taso.

Ta zo mu ji ta, mun gyara mata wuri.

An yi wani masunci mai suna Nomau, a wani gari can cikin arewa, inda ba su da ruwa sai gulbi guda. Gulbin nan kuwa yana da tsari. Da damina ya cika ya batse, da rani ya janye ya bar yashi mai danshi. In ya janye, mutanen gari sukan sauka cikinsa su kafa bukkoki, su haƙa rijiyoyi, su dasa albasa, su ajiye kayansu ba fargaba, domin sun san ba zai dawo ba sai baɗi.

Duk garin ba wanda ya kai Nomau iya ruwa. Wata rana Shamuwa, wadda ke sheƙa kan tsamiyar gidansa kowace damina, ta dube shi ta ce, "Mai masaukina, ina ganin yadda kake taƙama da ɗan gulbin nan. Can kudu akwai teku, wadda ba a hango gaɓarta ta biyu. Ruwanta yakan tashi kamar tudu, ya naɗo zuwa bakin gaɓa. Mutanen wurin sukan kwanta kan faffaɗan katako su jira shi. In ya ɗauke su, sai su miƙe a kansa, ya kawo su har kan yashi."

Nomau ya ce, "A tsaye?"

Ta ce, "A tsaye."

Tun daga ranar zuciyarsa ta koma can. Amma shi ba mutumin da ke tashi ba shiri ba ne. Da fari ya sa masassaƙi ya fafe masa katakon rimi, ya huda gindinsa ya ɗaura igiya, ya yi ta koyon tsayuwa a kai cikin gulbi. Na biyu ya tsayar da lokaci, sai bayan girbi, in hanya ta bushe. Na uku matarsa Tabawa ta haɗa masa guzuri, kilishi da dakuwa da busasshen kifi, cikin burgamin fata guda biyu. Ɗaya ta ɗaure bakinsa, ɗayan ta ɗinke shi da tsirkiya.

Ta ce, "Maigida, tsakaninmu da kudu akwai dajin da ba gari, ba abin kaiwa baki. Wannan ɗinkakken shi ne zai dawo mini da kai. Ba a buɗe shi sai fuska ta juyo gida."

Ashe ƙanshin kilishi ya kai hancin Dila. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe, na ji za ka teku. Wa zai yi maka ja-gora?"

Nomau ya ce, "Zan yi ta tambaya, Malam Dila."

"Tambayar me, ga ni? Ni na sani. Ƙafata ta taka, idona ya gani."

Alhali kuwa bai taɓa wuce dajin bayan gari ba.

Suka kama hanya. Suka ratsa dajin ƙaya, Dila ya ce, "A buɗe ɗinkakken." Nomau ya ce, "Sai fuska ta juya gida." Suka hau duwatsu suka gangara, Dila ya ce, "A buɗe ɗinkakken." Nomau ya ce, "Sai fuska ta juya gida." Suka shiga kurmi, burgamin farko ya ƙare ƙarƙaf, domin Dila ci biyu yake yi in Nomau ya yi ɗaya. Ya sake cewa a buɗe, aka sake ba shi amsar da aka saba. Dila ya bar ta a ciki.

Ran nan da hantsi suka fito daga cikin bishiyoyin kwakwa, sai ga teku. Nomau ya tsaya cak. Yashi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe iyakar ganinsa, ruwan kuwa ya ja da baya can nesa ya kwanta. Ya sunkuya ya duba alamar da ruwa ya bari a gaɓa, daidai irin wadda gulbinsu ke bari.

Ya ce, "Mun makara. Rani ya riga mu."

Dila ya ce, "Ni na sani. Ƙafata ta taka, idona ya gani. Haka take yi, sai kuma baɗi."

Nomau ya ce tun da sun zo, za su jira. Ya yi abin da kowane ɗan garinsu zai yi. Ya sauka cikin yashin da ruwa ya bari, ya kafa bukka da ganyen kwakwa, ya shigar da katako da burgami, ya haƙa rijiya. Da ya ɗanɗana ruwanta, gishiri zalla.

Dila ya ce, "Ruwan sha yana can bayan bishiyoyi. Ɗauki tulu ka je ka ɗebo, ni zan tsare kaya."

Nomau na ba da baya, Dila ya ciji burgami ya yi ta ja, har wani baƙin dutse da ke can tsakiyar yashi. Ya hau ya ɓuya a bayansa, ya kama gwaguyar tsirkiya. Ɗinkin Tabawa kuwa ya ƙi.

Nomau ya daɗe kafin ya sami ƙorama. Yana dawowa ya yi kiciɓis da Ƙaguwa, tana hawowa tudu a karkace, cikin sauri.

Ta ce, "Baƙo, bukkar can ta wace ce?"

"Tawa ce, Iya."

"Ka gaji da ita ne?"

"Ai ruwa ya janye, sai baɗi."

Ƙaguwa ta tsaya ta ɗaga idanunta biyu. "Wane baɗi? Namu kullum yake tafiya, kullum yake dawowa. Waiwaya ka gani."

Nomau ya duba. Ruwa ya riga ya cike rijiyar, yana lasar gindin bukka. Ya yar da tulu ya sheƙa. Kafin ya isa bukka ta kife, katako na yawo. Ya cafke shi. Ya laluba nan, ya laluba can, babu burgami. Ya tuna dajin ƙaya, inda ba abin kaiwa baki.

Sai ya jiyo kuka daga nesa. Ga Dila can kan dutse, zaune bisa burgami, ruwa ya kewaye shi ta kowace fuska.

Nomau ya kife kan katako ya fara tuƙi da hannuwa. Igiyar ruwa ta farko ta zo ta watsa shi baya. Ya tashi ya koma. Ta biyu ta zo ta birkice shi, ya sha gishiri har ta hanci. Ƙaguwa ta ɗaga murya daga gaɓa, "Kada ka yi kokawa da ita! Danna kan katakon, ka bi ta ƙarƙashinta!" Ta uku ta taso, ya danna, ya nutse, duniya ta yi duhu, sai ga shi ya ɓullo ta baya.

Ko da ya isa, saman dutsen ya rage kamar faifai.

Dila ya ce, "Sarkin Ruwa! Na kawo shi nan ne don in tsare maka."

Nomau ya miƙa hannu. Ya fizge burgami ya goya a baya ya ɗaure tamau. Dila ya ɗora ƙafa kan katako, katako ya nutse.

"Ba zai ɗauke mu duka ba. Jefar da burgamin, ranka ya daɗe, rai ya fi kilishi."

Nomau ya ce, "Raina ne a ciki. Kai da ƙafarka ta taka, faɗa mini yadda ake komawa."

Ruwa ya shafe dutsen, ya kamo gwiwar Dila.

"Ban sani ba! Ƙafata ba ta taka ba, idona bai gani ba!"

Nomau ya miƙa masa igiyar gindin katako. "Ciji nan. In ka buɗe bakin nan naka, ka tafi ke nan."

Dila ya cije. Nomau ya juya kan katako ya fuskanci gaɓa. A bayansu ruwa ya yi ta tashi, ya yi ta tashi, har ya tare rana. Ya ji an ɗaga shi sama. Ya dafa, ya ja ƙafa ɗaya, ya ja ta biyu, burgami na rinjayarsa baya. Ya sunkuya, ya buɗe hannuwa. Ya miƙe. Ruwa ya kwashe shi a guje, iska na kaɗa kunnuwansa, Dila kuwa a baya ana jansa, ya nutse ya ɓullo, ya nutse ya ɓullo, ba halin ihu.

Igiyar ruwan ta zube su kan yashi. Nomau ya kwance burgami, ya juya shi ta kowane gefe. Duk sawun haƙori ne, amma ɗinkin yana nan, ruwa bai shiga ba.

Dila ya amayar da ruwan gishiri, ya ce da ƙaramar murya, "Ko ɗan guntun kifi?"

Nomau ya nuna masa arewa. Haka Dila ya koma shi kaɗai, yana kamun fara da gara, ya isa gida ƙashi da fata.

Shi kuwa Nomau ya kafa bukkarsa a kan tudu, inda Ƙaguwa ta nuna masa. Ya ci kwakwa da kifin teku, ya hau ruwa har ya gamsu, sa'an nan ya ɗauki guzurinsa ya koma wurin Tabawa lafiya.

To, yara, ku riƙe wannan. Duk inda kuka je baƙunci, kada ku auna ruwan wurin da halin ruwan garinku. Ku tambayi wanda ke zaune a bakinsa. Mai cewa ya sani alhali bai sani ba kuwa, shi ne farkon wanda ruwa ke tarewa.

Ƙurunƙus, kan ƙaguwa, ta shige raminta.