Kumatun Jatau

Kai Sallau, rufe mini bakin nan! An aike ka da saƙo gida ɗaya, ka je ka zazzage shi a gida uku. Ku ma masu dariya ba ku fi shi ba. Ku zauna. Ga ta nan, ta iso ƙofarku.

Ta shigo mu ji ta, Iya.

Can cikin teku, inda ruwa ke da ɗumi, akwai duwatsun murjani masu rassa kamar itatuwa. A nan wani ɗan jan kifi yake zaune, tsawonsa bai kai yatsa ba, sunansa Jatau. Al'adar danginsu, mace ta saka ƙwai, namiji ya kwashe ya riƙe a baki har su ƙyanƙyashe. Ba ci, ba magana. In ya buɗe baki, ƙwan sun tafi.

Matarsa Hansai ta saka ƙwai, ta ce, "Maigida, na san halinka. Ko me aka ce maka, ka bari sai 'ya'yan nan sun fito." Jatau ya gyaɗa kai, kumatu fam. Ita kuma ta tafi kiwo.

A lokacin yunwa ta koro Gizo daga tudu, ya hau bayan kunkuru ya nutsa. Kada wanda ya tambaye ni yadda ya yi numfashi. Da ya hango kumatun Jatau sai yawunsa ya tsinke. Kama shi ba zai yiwu ba, Jatau ya fi shi sauri. Sai dai a sa shi ya buɗe baki da kansa.

Gizo ya matso ya durƙusa. "Salamu alaikum, Malam Jatau. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Kunya ta kama Jatau, don bai taɓa ƙin amsa gaisuwa ba. Ya kaɗa wutsiya kawai.

"Au! Da wutsiya ake amsa sallama a gidanku?"

Jatau ya daure. Gizo ya tafi.

Kashegari ya dawo da jatan lande ƙanana masu maiƙo, ya baje su gabansa. "Dubi yadda ka rame, ɗan'uwa. Ɗauki ɗaya, ba mai gani."

Cikin Jatau ya yi ƙugi. Ya juya baya. Gizo ya cinye abinsa ya tafi.

Da ya zo karo na uku, ko kallon Jatau bai yi ba. Ya sami Kaguwa a gindin dutse ya zauna, ya ɗaga murya.

"Ke Kaguwa, kin ji labarin wancan? Wai ba kome a bakinsa. Ruwa ne ya guntsa yana yi mana burga."

"Haba Gizo!"

"Na rantse. Hansai ba ta yarda da shi ba, maƙwabcinsu Mantau ta ba riƙon ƙwan. Duk unguwa an sani, shi kaɗai ake tausayi."

Jatau ya ji jikinsa ya ɗauki zafi. Ya duba, ga kifaye sun fara taruwa suna ƙus-ƙus. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba.

"Ƙarya kake yi! Zo ka gani!"

Ƙwai suka watsu cikin ruwa kamar an sheƙe gero. Gizo ya sa hannuwa takwas. Kifayen da suka taru suka yi caa. Kaguwa ta ce, "Ashe da gaske ƙwai ne," ta ɗebi rabonta.

Hansai ta dawo ta ga kumatu sun lotsa.

"Ina suke?"

"Gizo ne ya ce wai..."

"Ya taɓa ka?"

"A'a."

"Shi ya buɗe maka bakin?"

Jatau ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Yanzu ka iya shiru." Ta juya, ba ta ƙara komowa ba.

Wanda aka ba amana, ba aikinsa ba ne ya amsa wa kowane mai tsokana. Ya riƙe abin da aka ba shi, masu magana su gaji su tafi. Jatau ya ci gardama, ya rasa 'ya'ya, ya rasa mata. Tun daga ranar ba ya iya haɗa ido da kowa. Da rana yana maƙale cikin ramin dutse, sai duhu ya yi yake fitowa, idanu sun yi ƙulu-ƙulu don neman ƙwan da ba zai gani ba.

Ƙungurus. Kan kusu ya faɗi, kowa ya tashi.