Kan Ɗaɗɗoyar da Aka Hana Tsinka

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da ya shuɗe, ana ce masa Jatau. Bawan Allah ne mai facin ƙwarya, ba shi da gona, ba shi da jaki. Abin da ya mallaka ɗan fili ne a bayan ɗakinsa, inda ya shuka ɗaɗɗoya da na'a-na'a da lansir da albasa mai lawashi. Ku saurara, jama'a. Duk matar da ta ɗora tukunya a unguwar nan, gidan Jatau take zuwa ta tsinka. Ba a tambaya, ba a saye, sallama kawai.

Sai Allah ya kawo shekarar fari. Rijiyoyi suka ƙafe, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu tulu guda. Lansir ya ƙone, na'a-na'a ta bi shi. Aka wayi gari duk garin babu ɗaɗɗoya sai ƙwaya ɗaya a bayan ɗakin Jatau, 'yar siririya, ganyenta bai cika tafin hannu ba. Kuma babu wanda ya ajiye iri, don kowa ya saba da na banza.

Ku da kuke shuka kun sani, in aka tsinke kan ɗaɗɗoya ba ta fure, in ba ta yi fure ba babu iri. Jatau ya kewaye ta da ƙaya. Ruwan alwalarsa, a gindinta yake yi. In ya sha ruwa, sai ya rage mata a moɗa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Inna Tabawa, ta shigo ta miƙa hannu. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ta iri ce."

Ta ce, "Au, yau kuma ganye ake yi wa gadi? Ashe da can ba kyauta kake yi ba, yawa ne ya yi maka."

Maganar ta soke shi, wallahi ta soke shi, amma bai janye ƙayar ba. Kafin sati ya zagayo, sunansa ya koma marowaci. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bayarwa, ku ji fa, aka daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Jarrabawar ba ta ƙare a waje ba, har cikin gida ta biyo shi. Surukan 'yarsu suka aiko za su zo. Matarsa Yalwa ta ce, "Malam, ɗan kan nan kawai zan sa a farfesu. Kada baƙi su ce ban iya girki ba."

Ya ce, "Ki sa daddawa da busasshen lawashi. Kunyar yau ni zan ɗauka. In na ba ki, baɗi tukunyar kowa ba ƙamshi, har taki."

Ta yi fushi, ta yi girkinta. Baƙi suka ci suka tafi, ba su yaba ba.

Haka ya daure har ta yi fure, furen ya bushe. Ya murje shi a faifai, ya ƙulla iri a 'yan tsummoki. Da ruwan farko ya sauka, ya bi gida gida yana raba irin, kuma gidan Inna Tabawa ya fara shiga.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni da na zage ka, Jatau?"

Ya ce, "Inna, miyarki ai ba ta zage ni ba. Ki shuka a inuwa, kuma bana ki bar kai ɗaya ya yi iri."

To, 'yan'uwa, alheri ba miƙa hannu kaɗai ba ne. Wani lokaci alheri shi ne ka hana, ka sha zagi, kana kallon goben mutanen da ke zaginka. Da yawanmu muna kyauta ne don a ce mana madalla, ranar da aka daina yabo sai mu saki amanar. Kowa ya duba gidansa. Akwai abin da Allah ya bar a hannunka kai kaɗai, ko ilimi, ko sana'a, ko tarbiyyar ɗa. Kada ka tsinke kansa don tsoron bakin mutane.