Awa Ɗaya Suna Jiran Shinkafa

Akwai wani dattijon tela da 'yan layinsu ke kira Baba Tela. Shekara goma sha huɗu yana cin abincin rana a gidan abincin da ke kallon shagonsa. Tun wurin yana rumfar kwano da benci biyu yake zuwa, kuma shi ya jawo wa wurin makanikai da masu walda na layin.

Da mai wurin ya tsufa, ɗansa ya karɓa. Ya shimfiɗa tayil, ya canza kujeru, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Masu manyan motoci suka fara zuwa, abincin tsofaffin kwastomomi kuma ya fara jinkiri. Baba Tela kan yi rabin awa a zaune, sai dai ya yi dariya ya ce, "Yau kam sai an noma shinkafar tukuna."

Wata Talata ya kai matarsa asibiti. Tana da ciwon suga, an ce kada ta ci komai sai an ɗebi jininta. Layi ya yi tsawo, ba su fito ba sai ƙarfe ɗaya.

"Baban yara, mu sayi ko burodi ne a hanya," in ji ta.

"Wane burodi? Ga wurinmu nan kusa. Suna ganina za su kawo."

Suka zauna. Ya ce shinkafa da miya, faranti biyu, a taimaka a gaggauta domin iyalinsa ba ta da lafiya. Aka ce to.

Minti ashirin suka wuce. Wasu mutum shida suka sauko daga wata baƙar mota, Manaja da kansa ya ja masu kujeru. Kafin su gama wanke hannu an cika masu tebur.

Baba Tela ya tashi ya same shi. "Ɗana, mun riga su zuwa. Babarku tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba."

Manaja bai ɗago daga wayarsa ba. "Baba, ku ai na gida ne, ku yi haƙuri mana. Waɗannan in suka yi fushi sun tafi ke nan."

Baba Tela ya koma ya zauna. Kunya ta hana shi kallon matarsa.

Da aka cika awa ɗaya, gumi ya jiƙa wa matar mayafi. Ta ce, "Ina ganin jiri," sai ta sulale daga kujera, kanta ya bugi ƙafar tebur. Wata mata da ba su taɓa gani ba ce ta tallabe ta, ta ɗura mata lemon da take sha, har ta dawo hayyacinta.

Manaja ya ƙaraso, ya rage murya. "Baba, don Allah ku fita da ita ta ƙofar baya, mutane na cin abinci."

Baba Tela ya miƙe. Ya kama matarsa suka fita ta ƙofar gaba. Da suka koma asibiti, ɗinki uku aka yi mata a goshi.

Bai kai ƙara ko'ina ba, bai zagi kowa ba. Amma 'yan layin sun ga jini a rigarsa, sun tambaya. Makanikai suka daina zuwa, masu walda suka bi bayansu. Bayan wata huɗu aka buɗe wani sabon wuri mai gilasai a babban titi, masu manyan motocin suka koma can.

Wata safiya Manaja ya tsallako shagon, ya durƙusa gefen keken ɗinki.

"Baba, na yi kuskure. In ka dawo, sauran ma za su dawo."

Baba Tela ya tsayar da keken. "Na yafe maka. Kaina ne na kasa yafe wa. Ta ce in saya mata burodi, na hana, saboda na ɗauka ina da daraja a wurinku. Kullum na ga tabon nan a goshinta sai na tuna. Ka je, Allah ya ba ka wasu."

Kafin ƙarshen shekara aka rufe wurin. Yanzu tayoyin mota ake sayarwa a ciki.

Darasi: Wanda ya saba zuwa wurinka ba dole ba ne ya ci gaba da zuwa, kuma shirun da yake yi ba ya nufin ba ya jin zafi. Kada ka wulaƙanta wanda ya riƙe ka tun ba ka da komai don ka burge baƙon da zai bar ka gobe. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani wannan labarin, tun kwastomominsa ba su gaji ba.